Koren Gwana

Yayata ce Gwana. E, ita dai, mai tukwanen nan da ake sakawa a akwatin gilashi a hana kowa taɓawa, sai ka ce cizo suke yi. Ni ce ƙanwarta. Shekarata sittin da uku, na aurar da 'ya'ya, na goya jikoki, amma har gobe in ta buɗe baki Auta nake, kuma a wurinta Auta ba ta wuce a aike ta ɗauko abu ba. Gida ɗaya muke zaune tun da mazanmu suka rasu, ita a ɗakin gaba, ni a na baya kusa da rumbun itace.

Abin da ya yi mata suna launi ne guda ɗaya tak. Wani kore ne mai zurfi, irin wanda in ka leƙa tsohuwar rijiya da rana tsaka kake hangowa can ƙasa. Masu rubutu a jarida suka raɗa masa Koren Gwana, sunan ya bi shi. An yi littafi sukutum a kansa, mai nauyin da in ya faɗo maka a ƙafa sai ka yi mako kana ɗingishi. Na duba littafin nan daga bango zuwa bango. Na ga hoton hannun Yaya, na ga hoton bokitinta, har kyanwar gidanmu ta samu shiga a shafi na sittin. Ni kuwa gwiwar hannuna ce kawai ta fito a gefen wani hoto, ita ma rabi.

To bari in gaya muku yadda ake yin koren nan, tunda littafin bai faɗa ba. Yaya ce ke gina tukunya, wannan ba na musu. Ban taɓa ganin hannu irin nata a kan yumɓu ba, kuma ba na jin zan gani. In tukunya ta bushe sai ta tsoma ta a ruwan shafi, wato haɗin toka da yumɓu da 'yar tsatsar ƙarfe, wanda launinsa bai da maraba da ruwan wanke-wanke. A nan aikinta ya ƙare. Daga nan sai ni da tanderu, awa goma sha shida ina cusa itace, fuskata na gasuwa. Akwai wani lokaci, in wutar ta kai inda ta kai, da za a toshe bakin hayaƙi a shaƙe ta. In ka yi gaggawa tukwane su fito baƙi ƙirin, in ka yi jinkiri su fito launin laka. Babu agogon da ke nuna lokacin nan, a kunne nake jin sa. Shekara arba'in ina wannan aiki, shi ya sa ba ni da gira, sai dai in zana.

Abin da nake so a wurin Yaya kuwa bai taka kara ya karya ba. Magana ɗaya ce: ta tsaya a gaban mutane ta ce koren nan Auta ce ke fito da shi. Ba ta taɓa faɗa ba. In 'yan jarida suka tambaye ta sirrin, sai ta lumshe ido ta ce, "Wuta ce ke yi, ni shaida ce kawai." Su yi ta rubutawa suna gyaɗa kai. Wuta ce ke yi! Sai ka ce wutar ce ke faskara wa kanta itace. Sau ɗaya na taɓa yi mata maganar, muna sauke tukwane. Ta ce, "Auta, wa zai gane? Mutanen nan suna ɗaya kawai kansu ke iya riƙewa." Ta miƙo mini tsumma ta ce in goge gindin tukunya.

Ana nan sai ciwon gaɓɓai ya kama mata hannu. Yatsun suka lanƙwashe, da safe ba sa buɗuwa sai an gasa su da ruwan zafi. Tukunyar ƙarshe da ta gwada ginawa ta zube mata sau uku, a na ukun ta tashi ta wanke hannu. Ranar nan kam na tausaya mata, na shiga banɗaki na sha kukana. Shekara biyu tanderu bai ga wuta ba, har kyanwa ta haihu a ciki.

Sai ga Darakta. Shi ne mai kula da zauren da ake baje kayan Yaya, kuma shi ya rubuta littafin nan. Mutum ne da ke naɗa wani dogon ƙyalle a wuya ko ana zafin da kare ke zaro harshe, tabarau kuma kullum a goshi, ban sani ba ko goshin ne ba ya gani. Shekara ashirin yana zuwa gidanmu, har yau abin da ya sani game da ni shi ne ina kawo ruwa.

"Mama Gwana," ya ce, "zamani ya zo miki har gida." Ya zaro wani allon kwamfuta mai faɗin tire, da alƙalamin roba. "Babu yumɓu, babu hayaƙi, babu wahala. Ki zana a nan, ki zaɓi launi a nan, mu tura wa inji ya buga a babbar takarda. Ki sa hannu a ƙasa, shi ke nan. Wata uku na ba ki, za mu cika zaure. Anti, a taimaka da ruwa."

Na kawo ruwan. Babu hayaƙi, wato babu ni ke nan, na ji shi sarai.

Na zaci Yaya za ta yi wurgi da abin. Ina! Hannu bibbiyu ta karɓe shi. Alƙalamin ba ya son ƙarfi, ko yatsun da suka lanƙwashe suna iya jan sa. Sai dai hannun da ya tsufa a cikin yumɓu ba ya manta halinsa a mako guda. Ranar farko ta ajiye kwanon ruwa a gefe, tana tsoma yatsa kafin ta taɓa allon. Na ɗauke kwanon, ta ce ina mata shisshigi. Da yamma ta tashi daga aiki, ta jiƙa tsumma ta lulluɓe allon da shi, wai kada zanen ya bushe kafin gobe. Da ban shigo ba da ranar nan an yi jana'izar kwamfuta. Sai da na yi mata rantsuwa cewa zane ba ya bushewa, shi ma ba ta yarda ba, busasshen tsumma dai sai da ta rufa masa.

Amma zanen, kai! Duk haushin da nake ji ba zan yi ƙarya ba. Cikin tukwane take zanawa, yadda za ka gani in ka zura kai a ciki kana bin bangon da ido yana juyawa yana haurawa zuwa baki. Layin nan nata yana nan, ciwo bai taɓa shi ba. Ta koma tashi da wuri, ta koma yi mini tsawa da ƙarfinta na da, har na ji daɗin tsawar. Sai da ta fara sa launi na ga abin da ya ɗaure mini kai. Duk launukan duniya suna jere a gefen allon, ja, shuɗi, kore kala goma, amma Yaya ta tsallake su ta je ta zaƙulo wani toka-toka mai ɗan duhu. Kwana biyu tana gyara shi, ta ƙara wannan ta rage wancan, har ya yi mata.

"Yaya, wane launi ne wannan?" na ce.

"Idonki ya fara tafiya ne? Kore ne mana."

"Kore?"

"In ya fito, Auta. In ya fito. Ke dai ba kya rabo da tambayar banza."

Nan take na gane. Ruwan shafi ta haɗa. Launin da tukunya ke da shi kafin ta shiga wuta, shi ta kwaikwayo daidai wa daida, ko ɗigo babu bambanci. Shekara arba'in tana shafa toka tana samun kore, har idonta ya daina ganin tokar. In ta kalli allon nan, wallahi koren take gani. A tunaninta injin bugawa wani tanderu ne na zamani, a zuba masa toka ya fitar da abin arziki.

Ya kamata in gaya mata, na sani. Baki kawai zan buɗe. Amma na yi gum, kuma ba zan ce mantuwa ce ba. So nake ta ga aikinta tsirara, ba ni a ciki, ko sau ɗaya a rayuwarta. Na ce a raina, ranar da ta ga abin da toka ke zama in babu mai shaƙe wuta, maganar nan da ta maƙale mata a wuya za ta fito ko ba ta so. Mugunta ce, na yarda. Kuma barcina na yi ta yi lafiya lau.

Da zane ashirin da huɗu suka kammala muka tafi wurin Mai Inji. Shagonsa na tsakanin kantin magani da mai gyaran waya, dogo ne siriri, yana warin tawada da takarda mai zafi. Injin ya kai tsawon gado, ya cinye rabin ɗakin. Mai Inji mutum ne mai sanƙo, ya doshi hamsin, da haƙuri irin na wanda ya saba da masu kawo hotonsu su ce a rage musu tumbi. Ya buɗe zanen a kwamfutarsa, ya duba, ya sake dubawa.

"Mama, haka kike so ya fito?"

"Haka nake so ya shiga," in ji Yaya. "Fitowa kuma aikin injinka ne."

"A'a, Mama, abin da kike gani a nan shi za ki gani a takarda. Injin ba ya ƙara komai. Bari in buga miki ƙarami ɗaya ki gani, minti biyar ne."

Yaya ta yi masa wani kallo daga sanƙo har takalmi. "Ɗana, a gidanku ana buɗe tanderu aiki na ciki? Tun kana tsumman goyo nake wannan sana'a. Ba na gwaji. A zuba su gaba ɗaya. Kuma ka ƙara wa kowanne kashi ɗaya cikin takwas a kan awon da Darakta ya ba ka."

"Saboda me, Mama? Ai an riga an haɗa firem ɗin katakon da za a saka su ciki a kan awon nan."

"Saboda tsukewa. Duk abin da ya sha zafi sai ya ja baya."

"Takarda ba ta tsukewa, Mama."

"Kai dai yi abin da aka sa ka."

Bawan Allah ya juyo ya dube ni, idonsa na cewa Anti sa baki mana. Ni kuwa na ɗaga kai ina nazarin fankar silin, wadda ko juyawa ba ta yi. Kafin mu fita ta kafa masa sharaɗi na ƙarshe: in ya gama ya naɗe su ya rufe, kwana biyu kada wanda ya buɗe, sai sun huce. Ya ce to.

Washegari ya kira ni a waya. "Anti, don Allah, ko dai akwai abin da ban gane ba? In Mama kore take nufi, gara a faɗa mini yanzu kafin in sa takarda."

Allah ya ba ni dama ta biyu ke nan, na sa ƙafa na shure ta. "Kai da wa kake aiki?" na ce. "Gwana ce fa. Ka fi ta sanin launi ne?"

"A'a, Anti, wane ni."

Saura kwana huɗu a buɗe baje kolin aka kawo naɗin takardun ɗakin ajiya na zauren. Mu uku ne, ni da Yaya da Mai Inji. Yaya ta taɓa naɗin da bayan hannu, ta ji ya huce, ta ce a buɗe. Mai Inji ya warware ta farko a kan tebur, ya danne kusurwoyin da kofuna. Toka. Ta biyu, toka. Haka har ashirin da huɗu, kowacce faɗin ƙofa, babu ko ɗigon kore da za a sa a ido. A kan allo idon Yaya yana mata alƙawari, amma yanzu an sauke, babu sauran abin jira.

Ta shafa takardar, ta ƙwanƙwasa ta da farce yadda take wa tukunya don ta ji ko ta gasu.

"Ba ta ci ba," ta ce a hankali. "Wutar ba ta ci ba." Sai ta juyo kaina, yadda ta saba duk ranar da aiki ya lalace. "Auta, me kika yi?"

Kun ji fa. In ya yi kyau wuta ce, in ya ɓaci Auta ce.

"Ni?" na ce. "Ai ba ni a ciki, Yaya. Ban faskara itace ba, ban toshe komai ba. Wannan naki ne ke kaɗai, daga farko har ƙarshe."

Wata biyu ina tanadin maganar nan, na zaci za ta yi mini zaƙi a baki. Ta yi, na ɗan lokaci. Sai na ga yadda ta cusa hannayen nan a ƙarƙashin mayafi, zaƙin ya tafi ya bar ni da kunya.

"Mama, abin bai ɓaci ba," in ji Mai Inji. "Danna ɗaya ne in mayar da shi kore, jibi kin samu." Ya buɗe kwamfutarsa ta hannu ya jero mata koraye. Ya nuna wannan, ta ce na bokitin roba ne. Ya nuna wancan, ta ce na fentin asibiti ne. Sun fi rabin awa, ya haɗa ya rage ya ƙara har gumi ya tsatsafo masa a sanƙo. Ni na san ba za su samu ba tun kafin su fara. Ba ta taɓa haɗa koren nan da hannunta ba, ganinsa kawai take yi in na buɗe mata ƙofar tanderu.

Ana cikin haka Darakta ya faɗo ɗakin, waya a kunne. Ya ga abin da ke kan tebur. Ya kashe wayar. Ya sauko da tabarau daga goshi zuwa ido, abin da ban taɓa gani ba. Na ce yau za a yi ta. Ina kallon tunanin na gudu a fuskarsa: an raba katin gayyata, an gaya wa 'yan jarida, saura kwana huɗu. Sai ya dafe ƙirji.

"Mama Gwana," ya ce da muryar mai ta'aziyya, "kin kashe ni. Wannan ƙarfin hali! Kin ƙi ba su abin da suke jira. Kin tsaya kafin wuta, kin ce ga gaskiya, wanda zai iya ya kalla."

"Kuskure ne," in ji Yaya.

"Haka manya ke kiran sa, Mama."

Mai Inji ya yi gyaran murya. "Yallaɓai, kuma fa ba za su shiga firem ba, sun yi girma."

"Sun ƙi a tsare su!" Darakta ya buga tebur, kofi ɗaya ya faɗi. "Aikin da kansa ya ƙi keji. A kwashe firem, a ja igiya, a rataye su da abin maƙale shanya. Kada wanda ya taɓa launin nan."

Tabɗi. Ni dai na san da ni na kawo wannan aikin, da tsintsiya za a raka ni ƙofa.

Da muka isa gida, maimakon ta shiga ɗaki sai ta zagaya baya, ta tsaya a gaban tanderu, kyanwa na kallonta daga ciki. Na bi ta.

"Auta, bakin hayaƙin nan, yaushe kike toshe shi?"

A shekara arba'in, ranar nan ce ta farko da ta tambaya. Na gaya mata. Na gaya mata yadda wutar ke farawa da kuka mai kaifi, yadda take komawa gurnani, yadda ake jira gurnanin ya sauka har ka ji shi a tafin ƙafa kafin ka tura bulo ka toshe. Na yi ta zuba ba numfashi, ita kuma tana saurare, abin da ba halinta ba.

"Hmm," ta ce. Ta shige ciki.

Hmm ɗin nan na riƙe kwana huɗu ina juya shi. Har sabon mayafi na saya. Ranar taro na zauna gaban madubi na zana gira a tsanake, duka biyun suka zo daidai.

Da la'asar zaure ya cika. Takardun na rataye a igiya kamar an shanya zannuwan gadon da suka ji jiki. Jama'a na zagayawa da kofin lemo a hannu, su karkata kai, su ja baya, su matso, su lumshe ido. Wata mata mai ɗankunne har kafaɗa ta ce tokar tana mata magana a kan mahaifiyarta. Wani ya tsaya minti goma yana nazarin da'irar da gindin kofi ya bari a kusurwar takarda, ya ce nan ne zuciyar aikin. Can kusa da ƙofar banɗaki an ajiye tukunya ɗaya daga cikin na da, a akwatin gilashi. Na tuna ranar da na gasa ta, ruwan sama ake yi, itace ya jiƙe, na sha wuya ba kaɗan ba. Tana nan tana sheƙi, ba mai kallonta. An manna mata 'yar takarda an rubuta "Kafin".

Darakta ya hau dandamali ya gyara ƙyallen wuyansa.

"Jama'a, yau zan faɗi abin da da yawanmu muka daɗe muna ji a zuci ba mu furta ba. Koren nan da muka sani," ya nuna wajen banɗaki, "kyakkyawa ne, ba musu. Amma kyau ne mai sauƙi. Kyau ne na falon masu hali, na ajiyewa kusa da talabijin. Shekara arba'in koren nan yana tsaye tsakaninmu da ainihin Gwana, ya rufe mana ita kamar kwalliya. Yau ta wanke fuska."

Aka ɗauki tafi. Mutumin da ya rubuta shafi ɗari uku a kan koren nan, wanda ya ce kuka ya yi ranar da ya fara ganinsa! Kawuna na ta gyaɗawa, kowa na nuna shi dama can koren bai taɓa burge shi ba. Mai ɗankunnen ta gaya wa ta kusa da ita cewa tata tukunyar tuni ta mayar da ita ɗakin baƙi.

Aka miƙa wa Yaya makirufo. Ta riƙe shi da hannu biyu. Ta dubi takardun, ta dubi jama'a, sai idonta ya nemo ni a bayan zaure, inda nake tsaye kusa da teburin lemo.

"Akwai maganar da ya kamata in yi tun tuni," ta ce. "Koren nan ba nawa ba ne. Ban taɓa yin sa ba, ban ma san yadda ake yi ba. Ni toka nake shafawa. Ga mai shi can, ƙanwata. Shekara arba'in ita ke fito da shi. Auta, ɗaga hannu su gan ki."

Ga ta nan, kalma bayan kalma, yadda na sha tsara ta a raina a bakin tanderu, har da ƙarin da ban roƙa ba. Zauren gaba ɗaya ya juyo. Na ɗaga hannu, me zan yi? Kallon da suka yi mini shi ne wanda ake wa mutumin da aka gano shi ne ya yi shekaru yana toshe magudanar unguwa. Wani ya ce, "Ashe!" Darakta ya karɓe makirufo ya ce, "Kun ji? Ko a yau ba ta zargi kowa ba. Wannan shi ne girma." Aka sake tafi, har da masu share hawaye. Mai ɗankunnen ta ratso jama'a ta dafa mini kafaɗa.

"Kada ki damu, Anti," ta ce. "Kin yi iya abin da kika sani. Ai ya wuce."

Ban taɓa jin ɓacin rai irin na lokacin nan ba. Ga lemo jere a gabana na kasa ɗaukar ko ɗaya. Na jira har Yaya ta samu ta zille ta shiga ɗakin ajiya don ta huta. Na bi ta na rufe ƙofa. Tana zaune a kujera, ta cire takalmi ɗaya.

"Yaya."

"Ba shi kike so ba? Na faɗa. A gaban mutane, da makirufo."

"Shi nake so. Amma kin san abin da ke rataye a igiyar can mummuna ne."

"Na fi ki sani. Ko kallonsu ba na son yi."

"Kuma kin san koren ya fi shi."

"Nesa ba kusa ba."

"To me ya sa sai yau? Me ya sa sai da suka gama tofa masa yawu sannan kika miƙo mini?"

Na zaci za ta yi faɗa, ko ta ce ba ni da godiya, da ta yi hakan da na ji sauƙi. Amma ta ɗago ta dube ni ido cikin ido.

"Don yau ne ba zai rage ni da komai ba, Auta. Lokacin da yake da daraja na sha ɗauko maganar har bakina in mayar. Ba zan iya ba. Yau ma da mutumin can ya yabi koren, da ba ki ji ta ba."

Darakta ya ƙwanƙwasa ƙofa, wai masu hoto na jira. Ta zura takalminta, ta dafa tebur ta miƙe da ƙyar, ta gyara mayafi. A bakin ƙofa ta miƙo mini jakarta ba ta ko waiwayo ba.

"Riƙe mini, kada ta fito a hoto."

Na riƙe.